Ciwon Hanta Shi Ke Rage Haihuwar Tumaki

A Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni gidaje da yawa ba su rasa turken tunkiya. Uwargida tana da tata, akawu yana da tasa, ɗan kasuwa kuma ya kan sayi biyu ko uku ya ɗaure a zaure ko a bayan gida. Tunkiya ita ce asusun mai ƙaramin ƙarfi. In haihuwa ta zo akwai ragon suna, in Babbar Salla ta zo akwai na layya, in kuwa kuɗin makaranta ya matsa sai a kama guda a kai 'Yan Awaki ta Unguwa Uku. To, amma wannan asusu ba ya haɓaka sai da haihuwa. Tunkiyar da ba ta haihuwa cin harawa kawai ta ke yi.

Kukan da masu kiwo su ka fi kawo wa malaman gona kuwa shi ne na haihuwa. Wani ya ce an kai tunkiyarsa wurin rago har sau uku ba ta ɗauka ba. Wani ya ce tasa ta yi ɓari. Wata ta ce tata ta haihu lafiya, amma hantsar ba ruwa, ɗan ya kwana huɗu ya mutu. Daga nan sai a ce tunkiyar juya ce, ko ragon ne ba shi da kirki, ko kuwa baki ne ya kama ta, a kai ta kasuwa a sayar da hasara. Abin da na ke so in nuna a makon nan shi ne, sau da yawa laifin yana cikin hanta, kuma yana da magani, in an ba da shi a kan kari.

Mene ne ciwon hanta?

Wata tsutsa ce ke kawo shi. Faffaɗa ce, shigen ganyen darbejiya, tsawonta ya kan kai inci 2 har zuwa 3. Mazauninta shi ne hanyoyin da ɗaci ke bi cikin hanta ya gangara maɗaciya. Mahauta sun san ta sarai. In an yanka hantar da ta kamu sai ka ga hanyoyin nan sun yi kauri sun yi fari, in an matsa sai tsutsotsin su zamo waje. Irin wannan hanta ce ma'aikatan duba nama ke hana sayarwa a Abbatuwa. Tana kama shanu da tumaki da awaki, amma tumaki ta fi yi wa ɓarna.

Ba yau aka san ta ba. Tun a 1379 wani makiyayi a Faransa, Jehan de Brie, ya rubuta labarin wannan ciwo cikin littafinsa na kiwon tumaki. A 1879 zuwa 1880 ta kashe tumaki wajen miliyan 3 a Ingila. Wannan hasara ita ta sa aka duƙufa bincike, har a tsakanin 1881 da 1883 masana biyu, Thomas a Ingila da Leuckart a Jamus, kowa da aikinsa dabam, su ka gano asirinta, watau ba ta iya yaɗuwa sai ta bi ta jikin dodon koɗi. Irin tamu ta nan ƙasar ta fi ta Turai tsawo, amma halinsu ɗaya.

Ga yadda abin ya ke. Tsutsa guda tana zuba ƙwai dubbai kowace rana, ƙwan ya fita tare da kashin dabba. In ya faɗi a busasshiyar ƙasa ya mutu. In ya faɗi a ruwa, bayan mako 2 ko 3 sai ya ƙyanƙyashe, ɗan ya yi ta iyo yana neman wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai siririn ɓawo da tsinin kai, wanda ke zaune a ruwan da ba ya ƙafewa. In bai same shi a cikin yini guda ba ya mutu. In ya same shi sai ya shige jikinsa ya hayayyafa, guda ɗaya ya zama ɗaruruwa. Bayan wata guda ko biyu su fito, su manne a jikin ciyawar da ke cikin ruwa, kowanne ya rufe kansa da ɓawo. Ƙanƙantarsu ta sa mai yankan ciyawa ba ya lura da su. Tunkiya ta ci ciyawar, 'ya'yan tsutsar su huda hanji su nufi hanta, su yi makonni suna ratsa namanta suna ci, kana su shiga hanyoyin ɗaci su girma. Daga ranar da ta ci ciyawar zuwa ranar da ƙwai zai fara fita a kashinta wata 3 ne zuwa 4.

Ku riƙe wannan lissafi na wata 3 zuwa 4, za mu komo kansa.

Yaya ta ke zuwa cikin birni?

Mai karatu zai ce, “Ni tumakina ba su taɓa ganin fadama ba, a ɗaure su ke cikin gida.” Gaskiya ne, tunkiya ba ta ɗaukar wannan ciwo daga 'yar'uwarta a turke, ko da kwano ɗaya su ke ci. Amma akwai ƙofa uku da ya ke shigowa.

Ta fari ita ce kasuwa. Tumakin da a ke saukewa a Unguwa Uku, da waɗanda a ke sayowa Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, daga wurare dabam dabam su ke. Waɗansu sun yi rani a fadamun Haɗeja da Nguru, waɗansu a bakin madatsun ruwa. Tunkiyar da ta kamu wata guda da ya wuce ba ta nuna kome, ga ta sumul, dillali ma bai sani ba balle mai saye.

Ta biyu ita ce ɗanyar ciyawa ta rani. In ka ga dami kore shar a watan Fabrairu, tambayi kanka inda aka yanko shi. Ba inda ciyawa ke yin kore a wannan lokaci sai bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya zauna rani da damina a wuraren da dā su ke bushewa ƙaƙas. Hanyoyin ruwan Kadawa da Kura da Garun Malam sun kawo mana shinkafa da tumatir da alkama, alhamdu lillahi, amma sun kuma ba dodon koɗin nan gidan zama. Ciyawar gefen magudanar ruwa da gindin karan shinkafa su ne wuraren da 'ya'yan tsutsar ke mannewa.

Ta uku ita ce kududdufi. Masu sakin tumaki da safe su dawo da yamma ba su san inda su ka sha ruwa ba. Duk kududdufin da ke riƙe ruwa har rani, shanu da tumaki na sauka cikinsa, abin tsoro ne.

Abin da hanta ke yi wa haihuwa

Hanta ita ce ma'aikatar jiki. Abincin da tunkiya ta ci, daga hanji hanta ya ke fara zuwa. Ita ke haɗa sukarin da jiki ke aiki da shi, domin dabba mai tuƙa ba ta samun sukari sosai daga hanji kamar mutum, sai wanda hantarta ta haɗa. Ita ke yin sinadarin da ke riƙe ruwa cikin jini. Har wa yau ita ke kawar da sinadaran da ke tsara lokacin neman rago in sun gama aikinsu. To, ka ga in ma'aikata ta lalace, kowane sashe sai ya ji a jikinsa.

Ban da ɓata hanta, tsutsar tana shan jini. An auna an ga guda ɗaya na iya jawo hasarar jini har rabin mililita a yini. Tunkiya mai tsutsa 100 ke nan tana iya rasa cokalin shayi 10 na jini kullum. Jinin jikin tunkiya 'Yankasa mai kilo 30 kuwa bai wuce lita 2 da 'yan kai ba. Cikin kwana 40 ta zubar da kusan kwatankwacin jininta duka, tilas jiki ya bar kome ya koma ƙera sabon jini. Abu na fari da jiki ke jinginewa in ya shiga wannan hali shi ne haihuwa. Ɓarnar hawa biyar ce.

Da fari, ramammiyar tunkiya ba ta saurin neman rago. Budurwa ta kan makara ba ta kai munzalin barbara ba, wadda ta haihu kuma ta daɗe ba ta komo ba.

Na biyu, ko an yi barbarar ba lalle cikin ya zauna ba. Tunkiya na neman rago kowane kwana 17 ko kusa da haka. In ka ga ta komo bayan kwanakin nan, sau biyu, sau uku, kada ka yi saurin zargin rago. A 1976 wani masani a ƙasar Ailan, Hope Cawdery, ya buga sakamakon gwajin da ya yi, inda ya nuna tsutsar hanta na rage ɗaukar ciki da zamansa ga tumaki. Tagwaye ma sun fi zuwa ga tunkiyar da rago ya same ta da jiki mai kyau.

Na uku, tsohon ciki. Cikin tunkiya wata 5 ne, amma yawancin girman ɗan, wajen kashi 2 cikin 3, a makonni 6 na ƙarshe ya ke yinsa. A nan ne ya ke zuƙar sukari daga uwa ba ƙaƙƙautawa. In hanta ba ta iya biya, sai ka ga uwar ta ƙi abinci, ta ware gefe, ta kwanta ta kasa tashi, musamman mai tagwaye. Wata ta yi ɓari, wata ta haifi ɗan mitsitsi wanda ba ya iya tsayuwa, wata ta tafi da cikin.

Na huɗu, nono. Dakashi, watau nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin ɗan tunkiya, kuma a yinin farko ya fi amfani gare shi. Uwar da ba ta da jini dakashinta kaɗan ne, nononta kaɗan ne. Ɗan ya tashi a tsumbure, zawo kaɗan ya kwashe shi. Wanda ya rayu kuma ba ya yin girman da zai yi kuɗi.

Na biyar, rago. Shi ma in ya rame sha'awarsa ta kan ragu, ya bi tunkiya biyu ya gaji. Iri kuma ya kan ɗauki kamar mako 7 kafin ya nuna a jikin rago. Saboda haka ragon da ya yi jinya, ko ya warke yau, a ba shi wata biyu kafin a dogara da shi.

Me ya sa abin ya fi tsanani da bazara?

A shekarun 1970 wani likitan dabbobi mutumin Holan, Schillhorn van Veen, ya bi diddigin wannan dodon koɗi a rafuka da tafkunan kewayen Zariya, sa'ad da ya ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya ga ya fi yawa bayan ɗaukewar ruwa, a farkon rani. Daidai lokacin ke nan da ciyawar tudu ke bushewa, dabbobi su gangara fadama, masu yankan ciyawa su bi su.

To, yanzu mu komo kan lissafinmu. A ce tunkiya ta ci ciyawar nan a watan Disamba, a watan kuma rago ya hau ta. Wata 3 zuwa 4 ya kai mu Maris da Afrilu. Tsutsa ta girma ta fara shan jini sosai, ciki ya tsufa yana neman abinci, harawa ta yi tsada, ga zafin bazara. Abu huɗu sun haɗu a kan dabba ɗaya. Shi ya sa mutuwar masu ciki da ta jarirai ta kan yi yawa kafin saukar ruwa, mutane su ce zafi ne. Zafi ya taimaka, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga hasarar a lissafe. Tunkiya 'Yankasa mai lafiya da abinci tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. A ce kana da 5, ko ba tagwaye, 'ya'ya 15 ke nan. In ciwo ya ja tazarar ta koma shekara shekara, 10 za ka samu. In 2 cikin 10 ɗin su ka mutu don rashin nono, saura 8. Kusan rabi ya tafi, alhali dusa da harawar da ka saya ba su ragu ba. Kowa ya san kuɗin rago a bara, sai ya buga da kansa.

Yadda za ka gane

Kama tunkiyar, ka ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa. Ta mai lafiya ja ce. In ka ga ta koɗe, ko ta yi fari kamar takarda, jini ya ƙare. Duba dasashi ma haka. Shafa ƙarƙashin haɓa: kumburi mai taushi kamar an ɗura ruwa alama ce babba. Shafa gadon baya, in ƙashin na sukar hannunka alhali tana ci, akwai magana. Gashi ya kan yi burtsatsa, ta riƙa zama baya in ana tafiya. In kuwa 'ya'yan tsutsar sun shiga da yawa gaba ɗaya, ta kan faɗi ta mutu ba tare da ta rame ba, in an feɗe a iske hanta ta dagargaje, ciki cike da ruwa mai jini.

Amma fa a lura, akwai wata siririyar jar tsutsa ta tumbi wadda ita ma ke kawo farin ido da kumburin haɓa, ta fi yawa da damina, maganinsu kuwa ba lalle ya zama ɗaya ba. Abin da zai raba gardama shi ne a ɗebi sabon kashi a leda a kai asibitin dabbobi, kamar na Gwale, a duba da madubin likita. In tsutsar ba ta kai wata 3 ba ba za a ga ƙwai ba, saboda haka ka gaya wa likita inda ka sayo dabbar da irin ciyawar da ta ke ci. In kuma an yanka wata daga turkenka, ka tsaya ka ga hantar da idonka. Ita za ta ba ka labarin sauran.

Magani da lokacinsa

Ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta hanta ba, a nan ne kuɗin mutane da yawa ke zubewa. Aibamektin, allurar nan ta ƙazuwa da tsutsar ciki, ba ta taɓa ta. Lebamizol shi kaɗai ma haka. Albendazol, wanda ya fi kowanne yawa a kasuwa, manya kaɗai ya ke kashewa, ya bar ƙanana. Naitirokzinil, allurar nan mai ruwan ɗorawa da aka fi sani da Trodax, da rafokzanaid, su kan kashe manya da masu tasowa. Tiriklabendazol, wanda ya fito a 1983 da sunan Fasinex, shi ne ke kashe har ƙanana na makonnin farko. Shi ma tun 1995 aka sami tsutsar da ta gagare shi a Ostareliya, saboda yawan ba da shi, don haka ba abin ɗirkawa kullum ba ne.

Ga gargaɗi babba. Kada a ba tunkiya albendazol lokacin barbara ko cikin watan farko na ciki, domin yana iya nakasa ɗan ko ya zubar da shi. Mutum ya ga tunkiyarsa ta rame bayan rago ya hau ta, ya sayo ƙwaya ya ba ta, ya kashe abin da ya ke nema da hannunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Magani kafin barbara a ke yinsa.

Tsarin da na ke ba masu kiwon gida shawara a kai shi ne wannan.

Sabuwar tunkiya, a ɗaure ta dabam, a ba ta maganin hanta tun makon farko. In ba mai kashe ƙanana ba ne, a maimaita bayan mako 6 ko 7.

A bar ta ta yi kamar mako 6 tana mai da jini kafin a kai ta wurin rago. Makonni 3 na ƙarshe a ƙara mata dusa da harawa da ɗan ƙuliƙulin auduga, da gishiri ko kanwa. Ragon ma a yi masa haka.

Masu ba da ɗanyar ciyawa da masu sakin dabbobi su yi magani sau biyu a shekara, farkon rani da ƙarshensa, su bar likita ya zaɓi wanda ya dace da mai ciki.

A auna nauyin dabba kafin a auna magani. Wanda ya gaza ba ya kashewa, allurar ruwan ɗorawan nan kuwa in ta yi yawa guba ce.

Ciyawar bakin ruwa, a yanke ta sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. A shanya ta a rana ta bushe sarai, a ajiye ta wata 2 ko 3 kafin a ba da ita. Harawar wake da ta gyaɗa da ciyawar tudu sun fi aminci. Ruwan sha kuwa na famfo ko rijiya, a cikin gida.

Takin turke a tara shi wuri guda ya ruɓe kafin a kai lambu, kada a zuba shi inda ruwa zai kwashe shi zuwa kududdufi.

Kowane magani yana da kwanakin da a ke jira kafin a ci naman, waɗansu kusan wata 2. Mai kiwon ragon Salla ya ƙirga kwanakinsa tun da wuri, ya karanta abin da ke jikin kwalba.

Magana ɗaya ga masu saye da sayarwa. Falken da ke kawo tumakin haihuwa, in ya yi musu magani kafin ya sauke su, ya kuma faɗa wa mai saye ranar da ya yi, ya sayi sunan kirki da kuɗi kaɗan. Mai saye kuma kada ya tsaya ga duban haƙori da hantsa kawai, ya ja fatar ido. Araha ba ta ado. Mutum ma yana iya kamuwa da wannan tsutsa, ta cin ɗanyen ganyen da ya tsiro a ruwan da ta ke, saboda haka a wanke latas da kyau.

Jama'a, kafin ku kira tunkiya juya ku kai ta kasuwa, ku duba idonta, ku kai kashinta a gwada, ku ba ta magani da abinci na wata biyu, sa'an nan ku sake kai ta wurin rago. Kuɗin wannan duka bai kai na ɗan tunkiya guda ba. Wanda ya ke da tambaya ya aiko ta hannun Edita, ko ya nemi malamin dabbobi na yankinsa. Allah ya sa wa turke albarka, amin.